Launin Da Auta Bai Gani Ba

Saura wata biyar a fara jarrabawar ƙarshe ta sakandare, Baba ya kira ni tsakar gida ya ce daga ranar Auta yana hannuna.

"Ke kika fito da A a kemistiri," ya ce. "Duk yadda kika yi kika same ta, ki zuba masa a kai. Ba na son B, ba na son uzuri. Kowace Asabar zan zauna ki ba ni labarin yadda ake ciki."

Auta yana tsugune a bakin famfo yana wanke takalmin ƙwallonsa. Ya ɗago ya dube ni yana murmushi, irin na wanda ya ɗauka an haɗa shi da mai sauƙi. Shekararsa goma sha bakwai a lokacin, ni kuma ashirin da ɗaya, ina shekara ta biyu a sashen haɗa magunguna na jami'a, daga gida nake zuwa. Mu biyu ne kaɗai 'ya'yan gidan.

Baba yana da shagon magani a jikin gidanmu, ƙofarsa na kallon titi. Ya fi shekara ashirin yana tsaye a bayan kantar nan, amma takardar izinin da ke rataye a bango sunan wani ne a jikinta, domin shi bai yi karatun ba. Burinsa ɗaya ne, ya ga ranar da za a sauke ta a rataye mai sunan ɗansa.

"Baba, ai ni ma abin da nake karantawa kenan," na ce.

"Ke ta wani gidan ce. Shago na namiji ne."

Ya faɗa ne yana neman makullinsa a aljihu, ko dubana bai yi ba. Maganar ta samu wuri ta zauna a raina.

Muka fara karatu a kan teburin falo, kullum bayan ya dawo makaranta ya ci abinci. Hanyar da na bi na ci tawa jarrabawar ita na ɗora shi a kai. Ya karanta darasi tun kafin malami ya koyar da shi a aji. Kada ya haddace haɗin sinadarai da ido, ya rubuta da hannunsa har sai ɓangarorin biyu sun daidaita. Kowace rana ya amsa tambayoyi goma daga na shekarun baya, wadda ya faɗi ya rubuta ta a wani littafi daban, ya koma mata bayan kwana uku. Na manna masa jadawalin sinadarai a jikin ƙofar ɗakinsa.

Cikin sati biyu ya haddace ashirin na farko, ya kuma raba wa kowanne hali.

"Yaya, kin ga sodiyam? Baba ne. Ɗigon ruwa kaɗan ya taɓa shi sai gida ya kama da wuta."

"Rufe mana baki kafin ya ji ka."

"Agon kuma Mama ce. Tana can ƙarshen layi, ba ta shiga harkar kowa, kowa ma ba ya shiga tata."

Mama tana daga kicin ta ce ta ji shi, kuma yau ba shi da nama a miya. Duk muka yi dariya.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa Baba ba ita ce, a lissafin kemistiri yaron nan ya fi ni. Tambayar da na kwashe mako ina kokawa da ita a lokacina, shi zai dube ta ya ciji bayan biro ya rubuta amsa a layi huɗu. Ranar Asabar idan Baba ya tambaye ni, sai in ce, "Yana dai ƙoƙari." Ban ƙara ko kalma ɗaya a kai.

A wata na biyu Baba ya kawo kayan gwaji, domin kaso mai yawa na makin jarrabawar daga gwajin hannu yake fitowa. Ya share wani lungu a ɗakin ajiya na bayan shago, tsakanin kwalayen magani, ya kafa tebur. Ya kawo dogon bututun gilashi mai lambobi a jiki da ɗan famfo a ƙasa, da kwalba mai faɗin gindi, da 'yan kwalaben gwaji, da asid. Aikin ba wuya a baki. Ruwan da ke cikin kwalbar rawaya ne. Za ka riƙa sakin asid ɗigo-ɗigo kana kaɗa kwalbar, da zarar ruwan ya koma ruwan lemo sai ka rufe famfo ka karanta lamba. Idan ka bari ya yi ja, ka wuce.

Na yi a gabansa, na samu ashirin da huɗu da rabi. Na miƙa masa.

Ya sunkuya yana kaɗawa. Ruwa ya koma ruwan lemo, bai tsaya ba. Ya fara ja, bai tsaya ba.

"Auta, rufe mana."

"Ya canza ne?"

"Tun yaushe."

Ya karanta lamba, ashirin da tara. Ya sake, ashirin da bakwai. Ya sake, talatin da ɗaya. Baba yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

"Ina hankalinka yake?"

"Baba, ni dai na ga ya ɗan yi duhu, amma ban ga ya canza ba."

"Ba ka gani ba. Ƙwallo tana tahowa daga wancan ƙarshen fili kana ganinta, kwalba a gaban hancinka ba ka gani."

A ranar aka ɗauke takalmin ƙwallo, Baba ya kulle shi a durowar shago. Mako na gaba aka hana shi fita in ba makaranta ba. Abokansa biyu suka zo ƙofar gida, Baba ya ce musu ba ya nan, alhali yana jin muryarsu daga ɗakin ajiya. Mako na uku Baba ya kafa doka, ranar Asabar ba zai ci abincin rana ba sai ya samu lamba ɗaya sau uku a jere. Asabar ta farko sai da la'asar ta wuce Mama ta lallaɓa ta kai masa shayi da burodi a ɓoye cikin zaninta.

Na same ta a kicin na ce abin ya fara yawa.

"Babanku so yake ya zama mutum," ta ce tana goge tukunya. "Shi bai samu wanda zai tsaya masa haka ba. Kuma yaron nan kin san shi da wasa."

Baba ya je makaranta ya ga malamin kemistiri. Malamin ya ce ɗalibai saba'in ne a ajin, kayan gwaji kuma saiti shida, ba zai iya tsayawa kan kowa ba, amma a ganinsa yaron yana da ƙwaƙwalwa, mai da hankali ne ba ya yi. Baba ya dawo da maganar nan kamar an ba shi takardar hukunci. Daga nan mari ya shigo. Duk lambar da ta wuce, mari ɗaya. Ni nake riƙe littafi ina rubuta lambobin, ni nake karanto su.

Ranar da na gane, Talata ce da rana, Baba ya tafi sarin magani. Mun koma gwajin gano sinadarai. Na zuba ruwa a 'yan kwalabe biyu na ɗiga musu abin gwaji. Ɗaya ta yi gudaji kore mai dauɗa, ɗaya ta yi ja mai ruwan ƙasa. Wannan tambaya ce da kusan kowace shekara sai ta fito, domin launin ne kaɗai ke nuna wane irin ƙarfe ne a ciki.

"Wacce ce kore?"

Ya duba wannan, ya duba waccan. Sai na lura ba kwalaben yake kallo ba sosai, fuskata yake leƙe, yana neman inda idona zai faɗa. Na rufe idona na sauya musu hannu a bayana, na sake ɗagawa.

"Yanzu fa?"

Ya sake duba su biyun. Sannan ya ce, a hankali, "Yaya, wallahi iri ɗaya nake ganinsu. Ɗaya ta fi ɗaya duhu kaɗan, shi kenan."

Mun yi wannan a aji a shekarata ta farko a jami'a. Na ɗauko wayata na nemo hotunan nan na ɗigo-ɗigo masu launi da ake ɓoye lamba a cikinsu. Na nuna masa na farko, ya ce goma sha biyu. Wannan kowa na gani. Na nuna na biyu, lamba ɓaro-ɓaro a tsakiya.

"Ba komai a nan," ya ce. "Ɗigo ne kawai."

Na uku, ba komai. Na huɗu ya faɗi wata lamba daban. Hoto goma sha huɗu na nuna masa, biyu ya samu.

"Mene ne, Yaya?"

Na yi masa bayani. Akwai mutanen da ake haifa idonsu ba ya rarrabe ja da kore da abin da ke tsakaninsu. Ba ciwo ba ne da ke ƙaruwa, ba kuma ya warkewa. Maza ya fi kamawa.

Ya zauna a kan kwali. Na zaci kuka zai yi, sai na ga yana dariya, dariyar mutumin da aka sauke wa kaya.

"Ashe ba daƙiƙi ba ne ni. Bari Baba ya dawo."

"A'a," na ce. "Kai ka faɗa, zai ce wani sabon uzuri ka ƙirƙiro. Ka bar mini. Ni zan same shi a lokacin da ya dace."

"Yaushe?"

"Cikin satin nan."

Ya yarda, domin bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Na yi niyyar faɗa, Allah ya sani na yi. Amma ranar Alhamis ina shago ina taya Baba jera kaya, wani tsohon abokinsa ya shigo sayen maganin hawan jini, ya tambayi labarin magajin shago. Baba ya yi tsaki.

"Wancan? Bar shi. Ga dai wadda Allah ya ba ni," ya nuna ni da haɓa. "Da ita ce namijin, da na huta."

Da mutumin ya fita, Baba ya ciro makulli ɗaya daga zobensa ya ajiye a gabana. Ya ce duk ranar da ba ni da aji in riƙa buɗe shago da safe. Tun ina ƙarama nake son ya yi mini irin wannan kallon. Na sa makullin a jakata, na ce a raina ba yau ba, kada in ɓata masa rai yana cikin farin ciki.

Asabar ta zo. Auta ya dube ni kafin ya kama famfon. Na kau da kai na buɗe littafi. Ya samu ashirin da takwas, ya sha mari. Ya sake dubana, hannunsa a kunci.

"Baba," ya ce, "idona ne ba ya ganin launin. Yaya ma ta..."

"Malama," Baba ya juyo gare ni, haka ya koma kirana, "akwai abin da ke damun idon yaron nan?"

Abin da ya kamata in ce kalma ɗaya ce. Sai na ji bakina yana cewa, "Ya dai ce ba ya gani sosai. Ban tabbatar ba tukuna."

"Kin ji ko. Wanda ke karanta ƙananan rubutun jikin kwalin magani daga nesa shi ne ba ya gani. Sake."

Da yamma Auta ya same ni ina shanya.

"Yaya, kin ce cikin satin nan."

"Ka ga yanayinsa ai. Ka ƙara mini lokaci."

Uzuri ba ya ƙare wa mai nemansa, ni ma ban rasa ba. Na ce wa kaina ni ba likitar ido ba ce, hoton waya ba hujja ba ne. Na ce abin ta wajen uwa ake gadonsa, idan Baba ya ji haka Mama zai juya wa, in zama na haɗa faɗa a gida. Na ce ko na faɗa ba magani, jarrabawa dai sai ya yi ta. Na ce bari a gama gwajin makaranta na share fage. Kowane uzuri da na ɗauko yana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa na iya kwana da su. Amma duk safiyar da na sa makulli na buɗe shagon nan, na san ainihin dalilin.

Auta ya nemi hanyarsa shi kaɗai. Ya koma ƙirga ɗigo a zuci. Ya haddace cewa a gida amsar ba ta wuce ashirin da huɗu da rabi, sai ya riƙa satar kallon lamba yana rufe famfo a nan. Asabar biyu ya ci abincinsa a kan lokaci. Baba ya gane, ya ƙara wa asid ɗin ruwa ba tare da ya faɗa ba. Auta ya rufe a ashirin da huɗu da rabi, ruwa yana nan rawaya shar.

"Au, har ha'inci ka koya."

Ranar bel Baba ya cire. Mama ta tsaya a ƙofar da ke tsakanin gida da shago tana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, amma ƙafarta ba ta ƙetare dokin ƙofar ba. Ni ina riƙe da littafi.

Daga nan yaron ya fara lalacewa a gaban idonmu. Barkwancin ya ɗauke. Ya daina zama a falo. Wandon makarantarsa ya yi masa yawa har Mama ta rage ƙugun. Hannunsa ya fara rawa duk lokacin da ya kama bututun gilashin, wata rana asid ya zubo masa a bayan hannu, ya tsaya yana kallonsa bai ko motsa ba sai da na ja shi bakin famfo. Wurin ya yi tabo. Baba ya shafa masa magani da kansa, yana shafawa yana cewa ganganci ne, don a tausaya masa a ɗaga masa ƙafa.

Lissafin da ya fi ni a kai ma ya fara kuɓuce masa. Zai zauna da tambaya a gabansa minti ashirin, biro a hannu, takarda fara. Littafin kurakuransa ya cika, muka buɗe na biyu. A gwajin share fage ya samu D. Baba ya mai da shi ɗakin ajiya gaba ɗaya, daga dawowa makaranta har magariba, ƙofa a rufe, taga ɗaya ƙarama, ga warin sinadarai. Ya kama tari. Mama ta ce sanyi ne.

Sau ɗaya ya ƙara yi mini maganar. Na kai masa ruwa, ya karɓa bai dube ni ba.

"Yaya, ba za ki faɗa ba ko?"

"Zan faɗa. Bari a..."

"Shi kenan. Bar shi."

Bai ƙara tambayata ba. Wani abin kunyar shi ne, da ya daina tambaya sai na ji sauƙi.

Ranar gwajin hannu na jarrabawar gaske, ina shago da Baba wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayarsa ta yi ƙara. Shugaban makaranta ne. Baba ya saurara, ya ajiye wayar a kan kanta a hankali, ya ce in kula da shago. Bayan awa ɗaya ya dawo, Auta na biye da shi, rigar gwajinsa fara a naɗe a hannu.

Abin da ya faru shi ne, an ba su ruwa su gano ƙarfen da ke ciki. Auta ya ɗiga abin gwaji, gudaji ya fito, ya ɗaga kwalbar ya duba ya duba. Sai ya juya ga yaron da ke kusa da shi ya ce, "Don Allah wane launi ne wannan?" Mai sa ido yana bayansa. Aka karɓe takardarsa, aka cike masa takardar satar amsa, aka sa shi ya sa hannu a gaban ɗalibai.

Baba bai jira sun shiga gida ba. A cikin shago ya fara, ga mata biyu suna jiran magani, ga mai aski na maƙwabta ya leƙo.

"Ɓarawo na haifa. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa cewa na cuce shi a unguwar nan, yau an kira ni makaranta an ce ɗana ɓarawo ne."

Ya zare bel. Auta bai kare kansa ba, bai yi kuka ba, ya tsaya kawai yana kallon ƙasa. A bugu na uku ne na ji muryata.

"Baba, ba ya ganin launin. Gaskiya yake faɗa. Na gwada shi."

Hannun Baba ya tsaya a sama. Ya sallami matan, ya ja ƙofar shago. Na buɗe hotunan a waya. Baba ya duba ya faɗi lamba, ya miƙa wa Auta, Auta ya ce ba komai. Suka yi haka har hoto na shida. Baba ya nemi kujera ya zauna. Mama ta shigo ta jingina da bango, can ta ce, kamar mai magana da kanta, mahaifinta ma har ya rasu sai an zaɓar masa tumatir a kasuwa, suna yi masa dariya.

"To me ya hana ka faɗa?" Baba ya ce.

"Na faɗa, Baba. Sau uku."

"Ba ka faɗa yadda za a gane ba." Ya juyo gare ni. "Ke yaushe kika gwada shi?"

Na iya cewa jiya. Na ga Auta ya ɗago yana dubana, ba da fushi ba, yana dai jira ya ji abin da zan ce.

"Sati goma sha ɗaya kenan."

Baba ya mayar da bel ɗinsa, ya ɗaure, ya ce a buɗe shago mutane na jira.

Ni na kai shi asibitin ido a satin. Likitar ta gwada shi, ta rubuta takarda, ta tambaye ni me ya sa ba a kawo shi da wuri ba tunda ɗalibin kimiyya ne. Na kai takardar wa shugaban makaranta. Ya karanta ya cire tabarau.

"Da kun kawo wannan ko da wata ɗaya kafin jarrabawa, da mun rubuta mun nemi izini a tsayar masa da wanda zai riƙa faɗa masa launi, shi ya yi sauran aikin. Ba sabon abu ba ne. Yanzu rahoto ya riga ya tafi."

Na rubuta takardar roƙo, na kai wa Baba ya sa hannu a matsayin uba. Ya karanta har inda na rubuta cewa yaron ya sanar da iyayensa ba a saurare shi ba. Ya ture ta.

"So kike in rubuta da hannuna cewa na zalunci ɗana? Duk abin da na yi don shi na yi. Kuma ko ba ya gani, an ce ya yi magana a ɗakin jarrabawa? Doka doka ce."

Mama ta sa hannu a madadinsa, a ɓoye. Amsa ta zo bayan wata uku, tare da sakamako. An soke masa jarrabawar gaba ɗaya, har da lissafi da fiziks da sauran da ya rubuta da guminsa.

Auta bai yi rigima da kowa ba. Wata safiya ya haɗa kayansa a jakar makaranta ya gaya wa Mama ya samu wani kafinta a can ƙarshen gari da zai koya masa aiki, akwai ɗaki a bayan wurin. Baba yana jin su daga shago, bai fito ba.

Yau shekara huɗu kenan. A unguwarmu har yanzu abin da aka sani shi ne ɗan mai magani an kama shi yana satar amsa. Baba bai taɓa gyara wa kowa zancen ba. Idan an tambaye shi sai ya girgiza kai ya ce yaran zamani sai addu'a, masu tambaya su taya shi jimami. Ya fi masa sauƙi a ce ɗansa ɓarawo ne da a ce shi ya doki yaro wata uku a kan abin da Allah bai ba idonsa ba. Mama takan dafa abinci ta ba mai babur ya kai masa, ta ce ai komai ya wuce, a bar tone-tone. Malamin kemistiri yana nan yana koyarwa, na tabbata ko sunan yaron ba zai tuna ba. Kowa a cikinsu yana da abin da zai ce bai sani ba. Ni kaɗai ce ba ni da wannan mafaka.

Watan jiya na je wurinsa. Na same shi yana goge ƙafar tebur, garin katako har gashin girarsa. Ya yi faɗi, ya yi tsawo. Ya share mini benci ya ce in zauna, ya aika aka kawo mini ruwa mai sanyi, ya tambayi Mama, ya tambayi ciwon ƙafar Baba. Na ce masa an buɗe rajistar masu sake jarrabawa, takardar likita tana wurina, wannan karon za a yi komai a kan ƙa'ida, ni zan zauna da shi mu yi karatun daga farko.

"A'a, Yaya. Na gode."

"Kai fa ka fi ni ƙwaƙwalwa. Ban taɓa faɗa maka ba, amma ka fi ni."

"Na sani," ya ce, ba tare da alfahari ba. "Ke ma kin sani tun lokacin."

Na kurɓi ruwan. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, na ce ya yafe mana, dukkanmu.

Ya hure ƙurar da ke kan katakon, ya shafa da tafin hannu ya ji ko ya yi santsi.

"Baba na yafe masa tuntuni," ya ce. "Shi bai sani ba."

Na jira ya ci gaba. Ya ɗauki wata ƙafar teburin ya matse ta a ƙarfen riƙe katako, ya ci gaba da gugarsa. Na zauna a bencin nan har sanyin ruwan ya fita a hannuna.